Wane tsiro ne wannan ɗan mitsitsi ja da ke rayuwa a kwarmin dutse?

Ummu_Rayyan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana tsirrai na wannan zaure. Akwai wani faffaɗan dutse da nake bi ta kansa kusan kullum, a samansa akwai ɗan kwarmi da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, ƙasar da ke ciki ma ba ta kai kaurin yatsa ba. Makonni uku da suka wuce na lura wani abu ja-ja ya shimfiɗu a ciki. Na ɗauka gansakuka ce. Jiya dai na durƙusa na duba da kyau, ashe ganyaye ne ƙanana masu kauri, wasunsu ba su fi kan ashana ba. Na matse ɗaya tsakanin farce biyu, ruwa ya fito. Dutsen nan da azahar ba ka iya ɗora masa hannu saboda zafi. To mene ne sunan wannan tsiro, kuma jan nan da ya yi alama ce ta mutuwa?

DanDaji_77: Wa alaikumus salam. Gansakuka ba ta da ganye mai ruwa a ciki haka, wannan kam tsiro ne mai fure. Ki ba mu ƙarin bayani, Maman Rayyan. Ganyen biyu-biyu suke suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can?

Hajjo_M: Ni ina ganin jaririn kaktus ne. Su ne ke fitowa a kan duwatsu babu ruwa.

Tsohon_Malami: Hajiya Hajjo, ba kowane tsiro mai ajiye ruwa a jiki ne kaktus ba. Dangin kaktus asalinsu nahiyar Amurka ce, in ban da nau'i guda, *Rhipsalis baccifera*, wanda ake samu yana rataye a jikin itatuwa a Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Kuma kaktus yana da shaida: wasu 'yan dunƙulen gashi a jikinsa inda ƙaya ke fitowa. Abin da 'yata ta kwatanta ganye ne a jikin kara mai shimfiɗuwa, babu ƙaya. Ajiye ruwa dabara ce da dangogi da yawa suka kama daban-daban, ba su haɗa kaka ba, ƙishirwa ce ta sa suka yi kama da juna.

Hajjo_M: Na gode Baba Malam, na ƙaru.

Abba_Kimiyya: Da na ji "kan ashana" da "ja" da "kwarmin dutse", nan take *Crassula* ta faɗo mini. Akwai 'yan ƙanana a cikinsu irin *Crassula tillaea*, ganyenta milimita 1 zuwa 2 ne kawai, biyu-biyu suna fuskantar juna, suna rungume da karan, kuma tana rikiɗa ta yi jawur in ta girma. A Ingila ma sunan da suke kiran ta yana nufin mai kama da gansakuka ne, kin ga ba ke kaɗai ta ruɗa ba. Jinsin *Crassula* yana da nau'i wajen 200, galibinsu a kudancin Afirka.

Ummu_Rayyan: @DanDaji_77 biyu-biyu suke, suna fuskantar juna. Sannan na ga wani farin gashi-gashi a inda ganyen ya haɗu da karan, kamar zaren auduga ya maƙale.

Tsohon_Malami: To wannan farin gashin ya sauya magana. Abba, ka ji? *Crassula tillaea* ba ta da tarin gashi a gaɓa. Wanda na sani da wannan siffa shi ne *Portulaca quadrifida*, ƙanin wanda wasunmu ke kira harshen saniya, wato *Portulaca oleracea*. Shi ƙaramin karansa siriri ne ja kamar zare, yana bin ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa, kuma a kowace gaɓa akwai zoben farin gashi. Linnaeus, shahararren masanin tsirrai, shi ne ya raɗa masa suna, kuma "quadrifida" na nuni da rabuwa gida huɗu, don furensa kunnuwa huɗu gare shi, ruwan ɗorawa. Ana samun sa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da ma wasu wuraren. 'Yata, ki ɗaga kara ɗaya a hankali da tsinke, ki ga ko ya kama ƙasa a wurare da yawa ko a gindi kaɗai.

Abba_Kimiyya: Baba Malam, ban ƙi ta taka ba, amma girman ganyen ne ke hana ni sakewa. Ganyen *quadrifida* ya fi kan ashana, yakan kai rabin santimita ko fiye. Farin abin da ta gani ma zai iya zama yanar gizo ko audugar wani irin da iska ta kwaso. Sai mun ga fure.

Tsohon_Malami: Tsiron da ya tashi a ƙasar da ba ta kai kaurin yatsa ba tsumburewa yake yi, ɗana. Amma gaskiyarka, fure ne alƙali.

Bintu_Lambu: Ku gafarce ni, ni tambayarta ta biyu ce ta dame ni, don ta taɓa faruwa da ni. Shekaru biyu baya na ga irin wannan a tsagin siminti, ya yi ja kamar an zuba masa jini. Tausayi ya kama ni. Na tono shi da cokali, na sa a tukunya da ƙasa mai taki, na kai inuwa, safe da yamma ina ba shi ruwa. Kwana huɗu ya koma kore shar, na yi ta murna. Kafin mako biyu karan ya yi tsawo ya yi laushi, ganyen suka yi nesa da juna, wata safiya na taɓa gindin sai na ji ya zama kamar majina, baƙi, yana wari. Har yau abin na yi mini ciwo, don da hannuna na kashe shi. Maman Rayyan, don Allah kada ki cire shi daga inda yake.

DanDaji_77: Anti Bintu, abin da ya same shi ruɓewar saiwa ce. Saiwarsu ta saba da ƙasar da ke bushewa cikin sa'o'i, in ta kwana cikin laima iska ba ta isa gare ta, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Dr_Safiyya: Bari in amsa batun ja ɗin, don shi ne fannin da na karanta. Ja ba mutuwa ba ce. Idan rana ta yi yawa, ruwa ya yi ƙaranci, ganye yana karɓar hasken da ya fi ƙarfin abin da zai iya sarrafawa, rarar kuma ɓarna take yi a cikin ƙwayoyin halittarsa. Sai tsiron ya ƙera jan launi ya shimfiɗa a fatar ganyen da karan, ya zama masa kamar rumfa. Koren yana nan a ƙarƙashi yana aikinsa. Shi ya sa na Anti Bintu ya koma kore da ta kai shi inuwa: bai warke daga wata cuta ba, rumfar ce ya daina bukata.

Abin da zai ba ku sha'awa, wannan jan zai iya raba gardamar Baba Malam da Abba. Dangin *Crassula* jansu antosayanin ne, launin da ke cikin jajayen furanni da yawa. Dangin *Portulaca* kuwa, da kaktus, da *Lithops* masu kama da tsakuwa, nasu betalen ne, wani sinadari daban mai ɗauke da naitirojin. Ba a taɓa samun tsiro guda da ke ƙera duka biyun ba. A ɗakin gwaji, in ka ɗiga wa ruwan ganyen sinadari mai kaifin kanwa, antosayanin yakan juya shuɗi-kore, betalen kuma ya koma rawaya.

Sani_Mai_Tambaya: Likita, ruwan toka zai yi?

Dr_Safiyya: In ya yi ƙarfi sosai yana iya nuna wani abu, amma ganyen da bai fi kan ashana ba ɗigo nawa zai bayar? Sai an tsinke da yawa, ni kuma ba na so a yi wa ɗan abin da ke kwarmin nan aski saboda gwaji. A jira furen, ya fi sauƙi.

Sani_Mai_Tambaya: To ni abin da ban gane ba shi ne yadda ruwan ke zama a jikinsa. Ko tsumma ka jiƙa ka shanya a dutsen nan, minti ashirin ya bushe ƙayau.

Abba_Kimiyya: Malam Sani, ka taɓo inda nake so. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi a fatarsa, ido ba ya ganin su. Ta nan iskar kabon ke shiga don a haɗa abinci da hasken rana, ta nan kuma ruwa ke tsere wa tsiron. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin, lokacin da iska ta fi zafi da bushewa, don haka asararsu babba ce: ana ƙiyasta gram 400 zuwa 500 na ruwa a kan kowane gram ɗaya na kabon da suka kama. Su kuwa waɗannan masu kaurin ganye sai suka juya al'amarin. Da rana ƙofa a rufe ruf. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan su buɗe, su kwashi kabon, su mayar da shi wani sinadari mai tsami da ake kira malik asid, su tara a cikin manyan jakunkunan ruwan da ke ƙwayoyin ganyen. Gari na wayewa su rufe ƙofa, su warware tsamin, kabon ya fito a cikin gida, su yi aiki da shi da hasken rana. Ta haka asarar ke sauka zuwa gram 50 zuwa 100. Ana kiran tsarin CAM, harafin farko daga sunan Crassulaceae ne, wato dangin su *Crassula*, don a jikinsu aka fara nazarinsa sosai. Abarba ma haka take yi. Kaurin ganyen kenan amfani biyu gare shi, randar ruwa ne kuma rumbun tsami ne.

Tsohon_Malami: Madalla da wannan bayani. In ƙara da tarihi: da harshe aka gano tsamin nan, ba da na'ura ba. Wani likita masanin tsirrai, Benjamin Heyne, da ke aiki a Indiya, ya lura ganyen *Bryophyllum*, wani ɗan dangin *Crassula*, yana da tsami ƙwarai da sassafe, da rana tsamin ya ɓace. An buga bayaninsa a Landan a 1815. Kafin shi ma, a 1804, wani masanin kimiyya mai suna de Saussure ya ga kaktus yana shan iskar kabon da dare. An daɗe ƙwarai kafin a haɗa biyun a gane abu ɗaya ne.

Hajjo_M: Kenan Maman Rayyan ta ɗanɗana da asuba da kuma la'asar, in ya sauya an gane.

Dr_Safiyya: A'a Hajiya, kada ta kai bakinta. Tsiron da ba a tabbatar da sunansa ba ba a ɗanɗana shi. A cikin dangin Crassulaceae ɗin nan akwai irin su *Cotyledon* da *Tylecodon* da wasu *Kalanchoe* masu gubar da ke taɓa zuciya, suna kashe awaki da tumaki a Afirka ta Kudu. Akwai kuma ƙananan *Euphorbia* masu shimfiɗuwa da jan kara, dangin nonon kurciya, da ake yawan rikita su da *Portulaca*. Su in ka tsinke farin ƙaro ne ke fitowa, yana ƙona baki da ido. Maman Rayyan, ruwan da ya fito fari ne kamar madara ko garau?

Ummu_Rayyan: Garau ne Likita, yana ɗan yauƙi. Kuma na yi abin da Baba Malam ya ce, na sa tsinke na ɗaga, ya kama ƙasa a wuri uku a kara ɗaya. Saiwar kamar gashi, ba ta shiga ko'ina ba, don babu inda za ta shiga.

DanDaji_77: Wannan gajeriyar saiwar ita ma dabara ce. Yayyafin da bai isa ya jiƙa ƙasa mai zurfi ba, a kan dutse gangarowa yake yi ya taru a kwarmi. Dutsen gaba ɗaya rufin tara ruwa ne gare shi. Ya shanye cikin gaggawa kafin rana ta ɗauke. Manyan ciyayi kuma ba sa iya zama a wurin, don haka babu mai yi masa inuwa ko ƙwace. Na sha zama ina kallon irin waɗannan kwarmin bayan ruwa, washegari ganyen sun kumbura sun yi sheƙi, bayan kwana goma sun yamutse kamar fatar tsoho, suna cin ajiyarsu.

Abba_Kimiyya: Saiwa a gaɓoɓi ta ƙara wa Baba Malam ƙarfi, na yarda. In kuwa *Portulaca* ce, to labarin numfashin ya fi wanda na bayar daɗi. Su suna bin wani tsarin kama kabon ne da ake kira C4, irin na masara da rake, mai saurin girma cikin zafi. Amma tun 1980 aka nuna harshen saniya in fari ya matsa masa yana komawa CAM, in ruwa ya dawo ya koma C4. A da ana ganin tsarin biyu ba za su zauna a ganye ɗaya ba, don kayan aikinsu kusan ɗaya ne. A 2022 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna a cikin ƙwayoyin ganye guda ake yin duka biyun, a haɗe. Ciyawar da ake nomewa ana zubarwa ce fa.

Bintu_Lambu: Ana zubarwa tana tashi! Duk mai lambu ya sani, in ka nome ta ka bar ta a kan kunya, da ruwan jikinta za ta ƙarasa nunar da irinta, guntun karan ma ya sake kama ƙasa.

Tsohon_Malami: Haka ne. Irin nata ma akwai haƙuri. Wani masanin tsirrai, William Beal, ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi a Mishigan ta Amurka a 1879, ana tono ɗaya bayan wasu shekaru ana gwadawa. Irin harshen saniya ya tsiro bayan shekara 40 a ƙasa.

Nura_Ruwa: Ina bin ku tun farko. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne akwai *Crassula* da ke rayuwa a cikin ruwa tsundum, irin *Crassula aquatica*, kuma ita ma CAM take yi. Me za ta yi da tattalin ruwa alhali a cikinsa take kwance?

Dr_Safiyya: Tambaya mai kyau, Malam Nura. A wurinta ba ruwa ne ke ƙaranci ba, kabon ne. A ɗan tafki mara zurfi, rana na fitowa tsirran ciki su yi rububin kabon ɗin da ya narke a ruwan, kafin tsakar rana ya ƙare. Da dare kuwa komai na numfashi yana fitar da shi, ruwan ya cika. Wadda ta iya kwasa da dare ta adana ta tsere wa sauran. Jon Keeley ne ya fara bayyana wannan a 1981 a jikin wani tsiron ruwa, *Isoetes*, a Kalifoniya. Kuma dabarar na iya zama fitina in tsiro ya bar gidansu: *Crassula helmsii* ta Ostireliya da Niyu Zilan, da aka kai Ingila don ado a tafkunan lambu, ta mamaye tafkunan daji har aka hana sayar da ita a 2014.

Hajjo_M: Su waɗannan masu kama da tsakuwa da Likita ta ambata fa, *Lithops*? Na gan su a hoto, ban yarda tsiro ba ne sai da na ga fure a tsakiya.

Abba_Kimiyya: Ba ke kaɗai ba Hajiya. William Burchell a 1811 ya sunkuya ya ɗauki wata tsakuwa mai ban sha'awa a Afirka ta Kudu, sai ya ji tana da saiwa. Sunan da N. E. Brown ya ba su a 1922 daga Girkanci ne, ma'anarsa mai fuskar dutse. Ganye biyu ne kawai, a binne cikin ƙasa, saman ne kaɗai a waje, kuma saman kamar taga yake, haske na ratsawa ya isa koren da ke can ciki inda zafi bai kai ba. Sabbin ganye biyu in za su fito, ruwan tsofaffin suke tsotsewa har su zama busasshiyar fata.

DanDaji_77: Kyan nan nasu ne ya zama musu masifa. Tun wajen 2019 satar ƙananan tsirran nan ta yi ƙamari a yankin Karu da Namakwaland na Afirka ta Kudu, musamman *Conophytum*, 'yan uwan *Lithops*, ana tonewa ana fitarwa ƙasashen waje ga masu tara su a tukwane. Wasu nau'in a kan tudu guda kaɗai suke a duk duniya, mutum biyu da buhu za su iya share su a yini ɗaya. Shi ya sa maganar Anti Bintu ta yi mini daidai. A kalla, a ɗauki hoto, a bar shi.

Sani_Mai_Tambaya: Mun yi nisa da kwarmin Maman Rayyan fa. Har yanzu ba a ce mata zai rayu ko ba zai rayu ba.

Tsohon_Malami: Ya danganta da ko wane ne. Ƙananan nan hanya biyu suke bi. Wasu jurewa suke yi da ajiyar jikinsu har ruwa ya dawo. Wasu kuma, irin *Crassula tillaea* ta Abba, rayuwar ta 'yan watanni ce: su tsiro da laima, su yi fure, su zubar da iri, su bushe, irin ya kwanta cikin ƙurar kwarmin yana jira. Jiki ƙarami ba ya riƙe ruwa mai yawa komai dabararsa, don fatarsa ta yi yawa a kan abin da ke ciki. Saboda haka ko kin tarar ya bushe wata rana, 'yata, kada ki share ƙasar wurin.

Ummu_Rayyan: 'Yan'uwa, na ga fure! Kwana uku ina zuwa da safe ban ga komai ba, yau Allah ya sa na bi da tsakar rana. Guda biyar ne, ruwan ɗorawa, kowanne a ƙarshen kara, farin gashin nan ya kewaye shi, ganye huɗu sun tallafe shi ta ƙasa. Na ƙirga kunnuwan, huɗu-huɗu ne. Da na dawo bayan la'asar duk sun rufe. Na daɗe a tsugune ina kallo, har wata 'yar ƙaramar ƙuda ta sauka a kan ɗaya. Amma ga wani abu: a gefen kwarmin da dutsen ke yi wa inuwa akwai wasu da suka fi ƙanƙanta, a tsaye suke ba a kwance ba, ba su da gashi, kuma ban ga fure a jikinsu ba.

Tsohon_Malami: Alhamdu lillahi. Mai furen *Portulaca* ne, kuma siffar ta *quadrifida* ce. Nan da kwanaki ki duba inda furen ya bushe, za ki ga ɗan ƙoƙo mai hula. In ya nuna hular ce ke ɓallewa a kewaye kamar murfin tukunya, ƙananan iri su bayyana a ciki.

Abba_Kimiyya: Na sallama a kan mai furen, Baba Malam. Amma na gefen inuwar nan, masu tsayuwa marasa gashi, su nake so a duba. Furen ƙananan *Crassula* ba ya kai milimita 2, a hammatar ganye yake ɓuya, fari-fari, ido zai iya tsallake shi. Ba mamaki tun farko tsiro biyu muke gardama a kansu.

Dr_Safiyya: Ko kuma 'ya'yansa ne da suka tsiro daga baya, ba su kai ga kwanciya da fitar da gashi sosai ba. Maman Rayyan, in kina da gilashin ƙara girman abu, ko ki kusanto da kyamarar waya, ki duba gindin ganye biyun: in sun haɗe da juna sun zagaye karan kamar ɗan kwala, maganar Abba ta samu ƙafa. In kowanne da ɗan guntun mariƙinsa, ƙannen na farko ne.

Ummu_Rayyan: Zan duba gobe in sha Allah, da tsakar rana zan je. Hadari ma ya haɗu yanzu, ina so in ga yadda kwarmin zai kasance in ya cika da ruwa.